Ranar da Aka Huda Kunnen Ashiru

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Naftali ɗan Sham'unu gadon sarautar Timlal, wata ranar Lahadi da hantsi, ungulaye uku suka sauka kan soron majalisa suka ƙi tashi. Dogarai suka yi jifa, suka yi ihu, tsuntsayen suka bi su da ido kawai. Tsofaffin gari suka ce rabon da a ga haka tun shekarar da annoba ta ci rabin birni. Ni da nake ba da labarin nan ina ganin ungulayen ba su yi ɓatan gida ba. Sun dai riga mutane jin warin abin da ke ruɓewa a ciki.

Timlal birnin Yahudawa ne can cikin Hamada, tafiyar kwana arba'in a raƙumi arewa da ƙasashenmu. Ba kogi, ba tafki. Ruwan da gari ke sha da wanda dabino ke sha duk daga gindin duwatsu yake zuwa, ta wasu dogayen ramuka da kakanninsu suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen garin suna alfahari da ramukan nan, amma sun fi alfahari da Attaura, kuma ba abin da suke son ɗora wa baƙo a kunne irin dokarsu a kan bayi. Za su ce maka ɗan'uwansu Bayahude in talauci ya sa ya sayar da kansa, shekara shida kawai zai yi, a ta bakwai ya fita, kuma ba hannu wofi ba. Abin da ubangida ya ci shi bawa zai ci. In matashin kai ɗaya ne a gidan, bawa za a ba, ubangida ya tada kai da hannunsa. Kowace Asabar sai an karanta wannan da murya mai daɗi a ɗakin ibada. Abin da ake yi a sauran kwana shida, shi ne zan faɗa yanzu, kuma Allah ya sani ba da daɗin rai zan faɗa ba.

Ungulayen na nan bisa soro aka shigo da manzon Tagalma, makiyayan raƙuma na cikin Hamada, wani dogo naɗe da baƙin rawani har bisa hanci. Bai durƙusa ba. Ya jefa busasshiyar salka a gaban karagar sarki, ya bi ta da wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, ya ce:

"Ihamma sarkin Tagalma, mai raƙuma dubu uku, wanda ba ya kwana inda ya yini, yana gaishe da Naftali. Ya ce fari ya cinye rijiyoyinmu, ku kuwa dabinonku na shan ruwa safe da yamma. Ga salka, a cika ta, daga yau rabin ruwan Timlal namu ne. Ga igiya mai ƙulli hamsin, kowane ƙulli wuyan bawa ɗaya. In Jumma'a ta yi ba a aiko ba, zai zo ya ɗiba da kansa."

Aka fita da manzo masauki, majalisa ta zauna. Sarki Naftali mutum ne mai kyan gani a kan karaga, amma duk wanda ya yi magana ƙarshe shi yake bi. Waziri Binyaminu ya fara tashi, siriri mai laushin murya, wanda ya haddace doka kaf don ya san inda ake zagaye ta.

"Allah ya ja zamanin sarki, inuwar Bani Isra'ila," in ji shi. "Bayi hamsin ba su kai darajar ƙofar ganuwa ɗaya ba. A tara na ƙabilun kudu, waɗanda ba 'yan'uwanmu ba ne, a aika. Maganar ruwa kuwa a ja ta da kalamai har damina."

Sarkin Yaƙi Gadiyal ɗan Kalibu ya miƙe, ƙato mai jan gemu, ya dafa takobi.

"Ran sarki ya daɗe. Wanda ya ba Ihamma hamsin bana, ɗari zai bayar baɗi. Ba hanyar da raƙuma dubu uku za su iso mu sai ta Kwarin Tadus. Can cikin dutsen da ke saman kwarin akwai babban datsi, inda ruwan ramukanmu ke taruwa. Ni zan fita da dawaki ɗari huɗu in tsokane su, in juya kamar na karaya, su biyo ni cikin kwari. Da zarar dawakina sun haye, a fasa datsi. Ko raƙumi ɗaya ba zai koma Tagalma ba."

Sarki ya ajiye dabinon da yake ci, ya ce, "Wanda ke cikin dutse ba ya ganin kwari. Ƙaho ba ya ratsa dutse. Wa zai gaya masa dawakinka sun wuce?"

Gadiyal ya yi murmushi. "Bawana Ashiru, ranka ya daɗe, mahaƙin ramuka. In ya kafa kunne a jikin dutse yana jin ruwa na tafiya a zurfin gaba ashirin. Kofaton doki yana ƙwanƙwasa, tafin raƙumi yana lallaɓawa, kuma ya rantse mini yana rarrabe su. Kunnensa na hagu ya mutu shekarar da rami ya rufta masa, amma na daman nan ya fi idon mutum goma."

A nan ne Alƙali Maklufu ya yi gyaran murya. Tsoho ne da ya haura tamanin, kuma shi kaɗai ne a zauren nan da ba na jin ƙyamar ambaton sunansa.

"Allah ya ba sarki nasara. Ashiru Bayahude ne ɗan Bayahude. Shekarar yunwa ya sayar da kansa don mahaifiyarsa ta rayu, ni na rubuta takardar. Shekararsa ta shida tana cika gata, Laraba, da faɗuwar rana. Ranar Jumma'ar da kuke shirya wa ba bawan kowa ba ne. Ga shawarata. Sarkin Yaƙi ya sallame shi kamar yadda Annabi Musa ya umarta, ya ba shi daga garkensa da rumbunsa, ya haɗa masa da matarsa. Sannan a roƙe shi. Mutumin da ya yi shekara shida yana shayar da garin nan ba zai bar shi ya mutu da ƙishirwa ba."

Magana ce da ko ƙaramin yaro zai ga hankalinta. Amma kalmar roƙo ta tsaya wa Gadiyal a maƙogwaro.

"Ni?" Ya buga ƙirji. "Ni Gadiyal, da na kori Tagalma sau biyu daga Rijiyar Gishiri, in tsaya gaban wanda na saya shekarar yunwa ina cewa don Allah? In ya ce a'a fa? In ya ce i bana, baɗi ya ɗauki kunnensa ya kai wa wani gari fa? Allah ya gafarta malam, abin da ke hannuna ba na sakinsa in koma ina bara."

Waziri Binyaminu ya ɗaga yatsa ɗaya, fuskarsa na ƙyalli. "Ai Attaura ba ta bar mu a duhu ba. An rubuta cewa in bawa ya ce, ina son ubangidana da matata da 'ya'yana, ba zan fita ba, ya faɗa sau biyu a gaban alƙalai kafin wa'adinsa ya cika, sai a tsayar da shi jikin ƙofa, ubangidansa ya huda masa kunnen dama da basilla. Daga nan ya zama nasa."

"An rubuta domin wanda ya ji daɗin zama," in ji Alƙali. "Ashiru dusa yake ci, a bakin rami yake kwana."

"Allah ya gafarta malam, aikin alƙali ya ji abin da baki ya faɗa. Zuciya kuwa Ubangiji ne mai leƙa ta." Waziri ya juya ga Gadiyal. "Matar da ka ba shi ba baiwarka ba ce daga kudu? Doka ta ce in ya fita shi kaɗai zai fita, mace da abin da ta haifa na ubangida ne. To, ga igiyar Ihamma a ƙasa. A gaya wa Ashiru sarki yana tunanin sulhu, kuma ƙulli na farko na matarsa ne."

Wallahi da a ce wani a zauren ya tofar da yawu, da na ji sanyi a raina. Gyaɗa kai suka yi. Ma'aji har cewa ya yi lalle Allah ya yi wa Waziri baiwar ilimi. Sarki ya dubi Alƙali, ya dubi Waziri, ya ga Waziri ne ya yi magana ƙarshe, ya ce a yi haka.

Ranar Litinin Gadiyal ya rataye igiyar a ƙofar gidansa, ya sa aka kira baiwar, sunanta Hakama, aka gwada ƙullin farko a wuyanta a gaban jama'a. Tana da ciki wata bakwai. Ranar Talata da azahar ta kai wa mijinta dusarsa a bakin rami, ta tarar da shi zaune yana kallon zanen da ya yi ta yi a bango, ɗaya kowace Asabar, shekara shida.

"Maigida, kada ka faɗa," in ji ta. "Ka tafi. Ko ni ban fita ba, wani daga cikinmu ya fita."

"In tafi ina, Hakama? In je in zauna a inuwa ina tunanin abin da ke cikinki a bayan raƙumin Tagalma? Kunne ne. Su ɗauka."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Na sha jin ana karantawa ta bayan katanga, wai in ubangida ya bugi baiwarsa har haƙori ya fita, ta 'yantu. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ita da abin da ke cikinta. Me ya kawo wannan?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Laraba da la'asar aka taru a ƙofar gidan Sarkin Yaƙi. Aka shimfiɗa wa sarki darduma, alƙalai uku suka zauna, Maklufu a tsakiya. Abin da aka shirya don idon jama'a ya fi abin da aka ƙulla a majalisa tayar da zuciya. An yi wa Ashiru wanka, an sa masa rigar Gadiyal da ta yi masa yawa. Aka fito da gadaje biyu iri ɗaya da matasan kai biyu iri ɗaya aka jera a fili. Aka kawo akushi ɗaya na gurasar alkama da naman rago, ubangida da bawa suka sa hannu tare, sannan shaidu biyu suka tashi suka rantse sun ga Ashiru yana cin abin da Sarkin Yaƙi ke ci. Ba su yi ƙarya ba, yanzun nan suka gani. Ashiru ya kasa haɗiye lomar, ya riƙe ta a kunci.

Alƙali Maklufu ya ce, "Ashiru ɗan Zabulun, rana ta kusa faɗuwa, da faɗuwarta kai ɗa ne. Kana da abin faɗa?"

Ashiru ya dubi igiyar da ke rataye, ya dubi ƙasa. "Ina son ubangidana da matata da abin da za ta haifa. Ba zan fita ba."

"Sau ɗaya ke nan," in ji Waziri da sauri. "Saura ɗaya."

Sai ga Hakama ta keto cikin mutane. Ba ta nufi alƙalai ba, Gadiyal ta nufa, ta tsaya daf da shi inda hannunsa zai iso ta, ta ɗaga murya yadda har na bayan taro za su ji.

"Ranka ya daɗe, yau ne mijina ya fara sanin ɗanɗanon alkamarka! Matashin nan na ɗakin uwargida ne, ni na ɗauko shi da safe. Kai da ake yi wa kirari da zakin Timlal, ashe ba ka iya yaƙi sai ka ɓoye bayan cikin baiwa? Tsoro kake ji, wallahi tsoro kake ji, ba na Ihamma ba, na ka ce don Allah!"

Gadiyal bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ya mare ta da bayan hannu, da zoben ƙarfen da ke yatsarsa. Ta faɗi gefe, ta dafe ciki, ta tofar da jini. Wani farin abu ya gangara kan ƙasa ya tsaya kusa da dardumar sarki. Alƙali Maklufu ya tashi da ƙyar, ya sunkuya, ya ɗauke shi, ya ɗaga sama.

"Haƙori ne," in ji shi. "Sarki ya gani, jama'a sun gani. Matar nan 'ya ce daga wannan lokaci, ita da cikinta. Ba mai ikon sa ta a igiya. Ashiru, yanzu sai ka sake tunani kafin ka maimaita."

Da a nan labarin ya ƙare da na ce har yanzu akwai sauran kunya a Timlal. Amma Waziri ya riga ya miƙe. Ya ce a tsaya, wa ya san ko haƙorin dama yana girgiɗa? In yana girgiɗa, bugu bai fitar da shi ba, ya dai taimaka masa. Alƙalin da ke dama ya ce lalle wannan tambaya ce. Na hagu ya ce sai a duba ko na sama ne ko na ƙasa, kuma ko ta jawo bugun da gangan. Ma'aji ya ce shi ya taɓa ganinta tana tauna da gefe ɗaya. Manyan mutane masu furfura, masu rawani, suka sa aka buɗe bakin mace mai ciki kamar ana cinikin akuya, kowa na leƙawa, jini na bin haɓarta. Rana kuwa tana ta sauka.

Gadiyal ya matsa kusa da sarki ya ce, ba ma a ɓoye ba, "Ranka ya daɗe, jibi nake fita. In aka kunyata ni a ƙofar gidana, a nemi wanda zai ja dawakin."

Sarki ya share gumi. Ya ce, "Shari'ar haƙori tana da zurfi. Mun ɗage ta sai bayan yaƙi. Kafin nan matar tana hannun ubangidanta."

Hakama ta rushe da kuka, wanda ba ta yi ba lokacin da aka mare ta. Ashiru ya dube ta, ya dubi rana da ta rage tsawon mashi ɗaya, ya faɗi kalmomin karo na biyu. Muryarsa ba ta ko yi rawa ba.

Aka jingina shi da ƙofa, kunnen dama a manne da itace. Alƙali ya ce, "Sarkin Yaƙi, a hankali. Fata kawai doka ta ba ka, kuma kunnen nan shi ne garin nan." Amma Gadiyal har yanzu kalmar tsoro na cinsa, mutane kuma na kallo. Ya ture ƙaramar basillar da aka kawo, ya karɓi ta masu ɗinkin sirdi, ya ɗauki guduma. Bugun farko ya huda kunne ya shiga ƙofa. Na biyu, wanda ba wanda ya nema, ya goce ya sauka a gefen kan Ashiru ya haɗa shi da itacen. Da aka zare basilla, jini na fita ta hudar, yana kuma fita daga can cikin kunnen.

Alƙali Maklufu ya naɗe haƙorin a gefen rawaninsa, ya ce, "Tun da kun so doka, ku ji ƙarshenta. Wanda aka huda bawan mutum ɗaya ne. Ba a gadonsa. Ranar da Gadiyal ya mutu, Ashiru ɗa ne." Gadiyal ya yi dariya ya ce malam ya kwantar da hankalinsa, ubansa sai da ya shekara casa'in.

Ranar Alhamis Ashiru ya zo wurin ubangidansa ana ɗaura wa dawaki lifidi, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Ranka ya daɗe, ba na ji. Kunnen ya toshe. A sa wani, ko a sake dabara."

Gadiyal ya ce wa barada, "Kun ga halin bawa? Jiya ya ce yana sona, yau ya fara ƙarya." Ya nuna masa igiyar, ya nuna masa dutse, ya sa dogarai biyu su raka shi su tsaya a bakin rami.

Jumma'a da fitowar rana tambura suka tashi. Gadiyal ya fita da dawaki ɗari huɗu, kuma in za a faɗi gaskiya, a fagen fama namiji ne. Ya auka wa goshin rundunar Tagalma a bakin kwari, masu suka karye, takubba suka fita, ya kashe uku da hannunsa, ya yanke igiyar tutar Ihamma. Sannan aka busa ƙaho, dawakin Timlal suka juya kamar sun karaya. Tagalma suka yi kururuwa suka biyo su, raƙuma na cunkusa juna a cikin kwarin. Dawaki suka yi ta hayewa ta ƙarshen kwari rukuni rukuni. Gadiyal ya tsaya a baya da barada arba'in yana tare hanya, don a ce shi ne na ƙarshen fita.

Can cikin dutse Ashiru yana durƙushe da fitila da dundurusu. Ya kafa kunnen dama a jikin dutse, ba abin da ya ji sai wani amo a cikin kansa. Ya juya na hagu, shiru. Ya shimfiɗa tafin hannunsa, ya ji dutsen na rawa, amma hannu bai san doki ba, bai san raƙumi ba. In ya yi jinkiri Tagalma za su haye su shiga gari, Hakama tana ciki. Ya jira rawar ta yi yawa har ƙasa na zubowa daga rufin rami, ya ambaci sunan Ubangijin Ibrahimu, ya sare turakun datsi. Ko a ransa ya tuna da maganar Alƙali ta ƙarshe, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Ni ban tambaya ba, kuma ban ga wanda ya isa ya tambaya ba.

Ruwan shekaru ya fashe ta gefen dutse ya faɗa Kwarin Tadus da duwatsu da laka. Raƙuma suka hau kan juna. Ihamma ya tsira da 'yan ɗaruruwa da ke can baya, ya juya bai waiwaya ba. Da azahar aka tsinci Gadiyal a ƙarƙashin dokinsa, bakinsa cike da laka, saura taku kaɗan ya haye. Baradansa arba'in suna warwatse kewaye da shi, kuma su ne nake jin tausayinsu, don ba su huda kunnen kowa ba.

Ranar Lahadi majalisa ta zauna. Waziri ya tashi ya ce a kashe Ashiru, ya san mutuwar ubangidansa ita ce 'yancinsa, ya fasa datsi da gangan. Alƙali Maklufu bai ko tashi ba.

"Waziri, an ce ya saurari kofato. Da wane kunne? Na hagu rami ya ci a aikin Gadiyal, na dama Gadiyal ya ci da hannunsa a gabanka. Ranar Alhamis ya faɗa, barada sun ji. Ai kai ka koya mana cewa aikin alƙali ya ji abin da baki ya faɗa." Ya kwance gefen rawaninsa ya ajiye haƙorin a gaban sarki. "Yaƙi ya ƙare. Ga shari'ar da aka ɗage."

Yanzu da ba Gadiyal da za a ji tsoro, abin da ya gagari manyan malamai yammaci guda bai ɗauki tsawon shan ruwa ba. Alƙalin dama ya ce haƙori lafiyayye ne, na hagu ya ce dama shi tun farko haka ya gani. Ma'aji ya ce da ya sake tunani, wata baiwar ce ya gani tana tauna da gefe ɗaya. Sarki ya ce Hakama 'ya ce, Ashiru ɗa ne, a yi shela a san Timlal garin adalci ne. Har tafi aka yi.

Ana cikin tafin Sarkin Ruwa ya shigo da gudu ya faɗi gaban karaga. Ya ce fashewar datsi ta rufta ramuka biyar cikin bakwai, ruwan ya sake hanya a ƙarƙashin dutse, ba wanda ya san inda ya bi. Magudanar fada ta ƙafe tun safe. In ba a gano shi ba cikin kwana ashirin dabino zai fara mutuwa, mutane su bi baya.

Sarki Naftali ya sauko daga karaga, abin da bai taɓa yi wa talaka ba, ya fita da ƙafa, majalisa na biye da shi. A ƙofar arewa suka cim ma Ashiru, kansa ɗaure da tsumma, yana jan jaki, Hakama a kai. Sarki ya tsaya gabansa ya buɗe hannuwa.

"Ashiru ɗan Zabulun, ɗan'uwanmu, ga sarkinka ya zo da kansa. Don Allah, don Annabi Musa, ka zauna ka nemo mana ruwan nan. Ka faɗi abin da kake so."

Ashiru ya tsura wa leɓɓansa ido. Hakama ta ce, da giɓin nan a bakinta, "Ranka ya daɗe, ba ya ji."

"Ki faɗa masa."

"Ta ina, ranka ya daɗe?"

Ashiru ya yi magana da wannan babbar murya tasa, har masu gadin ganuwa suka leƙo. "Allah ya ja zamanin sarki. Na ga bakinka na motsi, na ga hannunka, na san roƙo ne. Da ranar Talata aka yi shi, wallahi da na zauna, ko ba a ba ni komai ba. A garin nan aka binne uwata. Amma yau ko na zauna ba ni da abin da zan saurari ruwa da shi. Yana can jikin ƙofar Sarkin Yaƙi, hudar tana nan, jinin ma ba a wanke shi ba."

Ya ja jakinsa suka fita. Ba wanda ya tare su. Waziri Binyaminu ya buɗe baki zai kawo wata doka, sarki ya juyo ya dube shi, sai Waziri ya rufe bakinsa. Suka koma fada ta gefen magudanar da ta ƙafe, kuma da suka iso suka tarar ungulayen sun sauko daga soro suna yawo a tsakar fili.